Ƙarfen Rataya Hula

Dawuda mutumin Tasawa ne, mai gyaran famfo, kuma ko a iƙamarsa, wato takardar izinin zama, haka aka rubuta, abin da ba kowane Bahaushe a Riyad ke iya bugun ƙirji da shi ba. Aikinsa na yau da kullum a Dir'iyya yake, inda wani kamfani ke tayar da tsofaffin gidajen ƙasa yana ja musu ruwa. A can ba ya shakkar kowa. Ko shugaban aiki ne ya kawo abin da bai yi ba, Dawuda kan dube shi ido cikin ido ya ce masa ba zai yiwu ba, ya ci gaba da ɗaure bututunsa. Mutum ɗaya tak ne a duk faɗin Saudiyya bai taɓa ce wa a'a ba, shi ne surukinsa, Alhaji Sha'aban.

Alhaji Sha'aban mutumin Gumel ne. Ya shigo ƙasar tun gemunsa na baƙi, ya yi tuƙi a gidan wani Balarabe har idonsa ya fara gardama, sannan aka sallame shi da tsohuwar motar da ya tsufa a cikinta. Yana haya a wani lungu na Shumaisi, cikin gidan ƙasa mai bene wanda mai shi ya koma sabbin unguwanni ya manta da shi. Duk lokacin da Dawuda zai shiga gidan nan, tun daga bakin lungu yake rage tsawo. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya kafa ido a tabarma. Da yunwa yake shiga, da ita yake fita, don ko tuwon surukarsa Hajiya Hansai zai yi magana ba zai sa hannu a gaban suruki ba.

Matarsa Muhibba ba ta gane wannan wahala. A asibitin Shumaisi aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta ta gaisuwa ce da faɗa. Mijinta ma da sunansa take kiransa, gatsal, kamar ita ta raɗa masa. Amma ita ce 'yar fari, saboda haka tun da ta zo duniya mahaifinta bai taɓa kama sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, in ya matsu ƙwarai ya ce "ta wajen Malam Dawuda". In ta shigo ɗaki, sai ya tuna akwai abin da zai duba a mota.

Da cikinta na fari ya tsufa, Hajiya Hansai ta ce gida za ta dawo ta haihu, kuma wankan jego ba fashi, safe da yamma har a yi arba'in. Ganyen darbejiya ma an riga an aiko mata ta hannun wata mai Umara. Muhibba ta ce ai bazara ce, ruwan tankin da ke kan rufi ma sai ya saɓule wa mutum fata.

"Ruwan da rana ta dafa ba ruwan jego ba ne," in ji Hajiya, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce banɗakin gidan a ƙasa yake, dab da majalisar Alhaji inda maza ke wuni, mai jego kuwa ba za ta riƙa sauka tana gifta su ba. Sai aka yanke a yi mata wurin wanka a kusurwar ɗakin bene, a kai hitar dafa ruwa da duro da baho, a ja ruwa sama, a kuma fitar da na wanka ƙasa. Mai gyaran famfo kuwa ga shi Allah ya ba su a gida.

Dawuda ya zo da kayan aikinsa da shirinsa a ka: bututu ya bi jikin bango, ya sauka ta kusurwa, ba sai an taɓa komai ba. Ko da ya shiga majalisa sai ya tarar an yaye farin yadin da ke rufe saman ɗakin, itatuwan da ke ɗauke da benen sun fito fili. Ba giginya ba ce, wani itace ne na wannan ƙasa, amma kowa a gidan azara yake ce masa. Kowace kaurinta bai wuce cinyar mutum ba, a kansu an jera zarban dabino, an zuba ƙasa mai kauri, an daɓe. A cikin azarun nan, daidai tsakiyar ɗaki, an ja layin alli daga wannan bango zuwa wancan. Layin a can ƙasan cikinsu yake, iyakar inda hannun dattijo ya kai da ya taka kujera.

"Malam Dawuda, ga layi nan na ja maka don kada ka wahala," in ji Alhaji. "Ka huda su, bututu ya bi ta ciki, a mayar da yadi. Ba na son baƙo ya ɗaga kai ya ga ruwan wanka na wucewa ta kansa."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Ai kafin tuƙi sai da na yi leburancin gini. Ruwa ba ya son kwana-kwana."

"Haka ne, Baba."

Dawuda ya dubi bututun fitar da ruwan da ke hannunsa, mai kaurin tsintsiyar hannu, ya dubi azara. Ko wanda ya fara koyon aiki jiya ya san tsakiyar itace nan ne nauyi ke taruwa, kuma ƙasan cikinsa shi ke riƙe da komai. In ka yi masa rami a nan, ka yanke masa jijiya. A kan waɗannan itatuwa kuma matarsa za ta kwanta da abin da za ta haifa, ga duro cike da ruwa a gefe. Ya tattaro duk ƙarfin halin da ya zo da shi daga Tasawa, ya ce wa tabarma:

"Baba, wasu sukan bi ta jikin bango."

"Wasu ke nan."

"Wasu ke nan, Baba."

Alhaji ya jingina tsani, ya riƙe shi da hannu biyu. To, wanda surukinsa ya riƙe wa tsani, ina ya ga ta tsayawa shawara? Dawuda ya hau, ya sa injin huda a kan alli. Garin itace ya riƙa zubo wa Alhaji a hula, shi kuwa ko gezau, sai "madalla" yake cewa duk sanda bakin injin ya ɓulla ta ɗaya gefen. Dawuda na hudawa yana istigfari. Ya yi ƙoƙarin ɗan ɗaga ramin sama da layi, sai ya ji daga ƙasa an ce, "Ka sauka kaɗan, ka bar alli." Ya sauka kaɗan.

Yana cikin zura bututu a azarar tsakiya sai ta ce ƙas. Ba da ƙarfi ba, kamar an karya tsinken sakace. Ƙasa ta ɗan zubo. Su biyun suka dubi azarar.

"Ɓera ne," in ji Alhaji.

"Ɓera ne, Baba."

A ɗakinsu na haya a Malaz, Dawuda ya kasa cin abinci. Muhibba ta tsare shi sai da ya faɗi abin da ke ransa. Ta saki cokali.

"Tayyib, ka gaya masa mana! Ya Dawuda, kai ne sabbak, mai gyaran famfon, ko shi?"

"Ni ne. Amma shi ne Baba."

"Halas, ni zan gaya masa."

Ta danna waya. Alhaji ya ɗauka, yana jin muryarta ya ce, "Ga uwarki," ya miƙa. Hajiya Hansai ta saurare ta har ƙarshe, ta ce wannan aikin maza ne, sannan ta tambaye ta ko ƙafafunta sun daina kumburi.

Sai Dawuda ya bi hanyar da iyaye suka bari, ya nemi ɗan aike. Ya je wurin Talle wanzami, aminin Alhaji tun zuwansu ƙasar, wanda shi ya shige gaba lokacin neman auren Muhibba. Ya yi masa bayani dalla-dalla, har da karya tsinke a gabansa don ya gani da ido. Talle ya gyaɗa kai ya ce a bar masa. Bayan kwana biyu ya kira shi.

"Na isar da saƙonka. Na ce ka ce aiki ya yi kyau, sai dai itacen ya manyanta kamar mu. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa maka albarka."

"Kawu, batun karyewar fa?"

"Haba Dawuda. Gidan da ake jiran haihuwa za ni da wannan baki? Kuma ka sani, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Dawuda ya yi godiya. Shi dai tsani ya hau, kuma ya ga abin da ya gani.

Da ya ga baki ya ƙi, sai ya koma ga hannu. Ya roƙi shugaban aikinsu aron ƙarfen tokara guda, irin wanda ake tallafe rufin kankare da shi kafin siminti ya bushe, mai zare a wuya ana murɗawa yana tsawo. Ran Juma'a ya yi sallarsa a masallacin da ke saurin idarwa, ya riga Alhaji isowa gida. Hajiya ta buɗe masa ƙofa ta koma ciki ba ta tambaye shi komai ba. Ya gicciya katako mai kauri a ƙarƙashin azarun, ta jikin yadin da aka mayar, ya kafa ƙarfen a tsakiyar majalisa, ya murɗa har ya ji itacen ya sauke numfashi. Sannan ya koma bakin ƙofa ya tsuguna yana jiran hukunci.

Alhaji ya shigo da sallama. Ƙarfe ja, duk busasshen siminti, tsaye a tsakiyar darduma inda ake ajiye farantin shayi. Ya kewaye shi kamar tare aka gina su da gidan, ya cire hularsa ya rataya a hannun murɗawar, ya zauna.

"Malam Dawuda, an sauko lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Shi ke nan. Baƙi suka riƙa zuwa suna tambaya, Alhaji na ce musu na rataya hula ne. Wani direba ɗan Damagaram ya ce bai taɓa ganin maratayin hula mai tsawon haka ba, Alhaji ya ce ai bai daɗe a Riyad ba.

Muhibba ta sauka lafiya, aka samu namiji, aka dawo da su ɗakin bene. Wanka ya kankama. Safe da yamma hita na aiki, duro na cika, ƙamshin darbejiya na saukowa har lungu, Muhibba na ihu da Larabci, Hajiya na amsa mata da Hausa. Shi kuwa Dawuda, uban ɗan fari, dole ya yi kamar ba a yi komai ba. In abokai sun ce masa barka, sai ya ce barkanmu dai, ya kawo zancen zafin gari. Kullum in ya tashi aiki sai ya biyo ya ce ya zo duba famfo. Ba famfo yake dubawa ba. Yakan saci kallon yadin saman majalisa, ya ga ya ɗan yi ciki a gefen da katakonsa bai kai ba, ya ga ƙurar ƙasa a bakin kofin shayin Alhaji. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman gini mai hawa da yawa. Ɗan da bai ma ɗauka a gaban mutane ba, ga shi kwance a kan ramukan da shi ya huda da hannunsa.

Ana gobe suna, bayan la'asar, ya tarar da Alhaji da Talle suna lissafin inda baƙi za su zauna. Ya gaishe su ya tsuguna.

"Yawwa, Malam Dawuda," in ji Alhaji. "Gobe liman zai zo, da manyan mutane. Wannan abin rataya hular ya yi ƙoƙari. A fitar da shi yau, in ya so bayan suna a dawo da shi."

Dawuda ya dubi ƙarfen. Gobe ne fa duk matan Hausawa daga Shumaisi har Manfuha za su hau benen nan ganin jariri. Ya san ƙawayen Hajiya Hansai, ba ƙananan mata ba ne, kuma ba mai zuwa ba tare da kula ko ƙullin kaya ba. Za su cika ɗakin har bakin matakala, su yi guɗa, wata ma ta taka rawa.

"Ko ba ka ji ba ne?" in ji Talle.

"Na ji, Kawu."

Gumi ya jiƙa masa riga. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaga kai, karon farko tun da ya auri 'yar gidan, ya dubi surukinsa a fuska. Ashe ma Alhaji na da ɗan tabo a gira.

"A'a, Baba. Ba zan cire ba."

Talle ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ba ɓera ba ne, Baba. Azara ce ta tsage, kuma ni na tsaga ta, don inda na huda ba a hudawa. Na sani tun ina kan tsani, kunya ta hana ni faɗa. In aka cire ƙarfen nan mata suka hau gobe, benen zai iya saukowa. Matata ce a sama, Baba, da ɗana. Ina son su. Ba zan cire ba."

Ba a taɓa jin irin wannan magana a majalisar nan ba. Mutum ya dubi surukinsa ya ce masa matata, ya ce ɗana, har da wai yana son su, kamar a fim. Talle ya shiga neman wani abu a aljihu wanda babu shi. Daga sama ana jin ruwa na gangarowa cikin bututu, ya bi ta kansu ya wuce. Alhaji ya miƙe, ya zare hularsa daga jikin ƙarfen, ya sa, ya fita duba mota.

"Ka kyauta," in ji Talle. "Sai ka tashi ka tafi, tun bai dawo ya rasa inda zai sa idonsa ba."

Dawuda ya koma Malaz yana jin kamar ya yi tsirara a kasuwa. Ya san an gama ganin mutuncinsa a gidan. Za a ce ɗan Tasawan nan ashe ba shi da ta ido, zaman Riyad ya fitsare shi. Duk wannan ya yarda zai ɗauka. Abin da ya hana shi sukuni shi ne hannun murɗa ƙarfen nan ba ya da wuya, ko dattijo zai iya kwance shi.

Da aka idar da sallar asuba ya nufi Shumaisi, tun kafin masu raɗin suna su fara taruwa. Yana shiga lungu ya fara duba gefen bango, inda yake zaton zai ga ƙarfensa a yashe. Babu shi. Motar Alhaji ce kawai, but ɗinta a buɗe, an fito da tayar safaya an jingine. Ya tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya yi sallama.

Ƙarfensa na nan inda ya kafa shi. Can gefe kuma, wajen da yadin ya yi ciki, an jera bulo biyu a kan darduma, an ɗora jak ɗin mota a kansu, a kan jak ɗin an tsayar da wani gungumen katako har ya tokare azara. Aikin ya ɗan karkace, kuma ko makaho ya shafa ya san direba ne ya yi shi. Alhaji na zaune kusa da shi cikin babbar rigar suna, baƙin mai a hannun rigar, babban yatsansa ɗaure da tsumma.

Dawuda ya tsuguna ya gaishe shi. Alhaji ya amsa yana kallon bango. A sama jaririn ya yi kuka aka rarrashe shi.

"Malam Dawuda."

"Na'am, Baba."

"Duba mini wannan. Ya zauna daidai?"

Dawuda ya tashi ya dafa katakon, ya girgiza shi, ya ɗan buga gindinsa da dunduniyar hannu har ya miƙe. Ya ɗaga kai ya auna inda ya tokara.

"Ya zauna, Baba. Sai dai da an matsar da shi nan kusa da na farko, nan ne tsagar take."

"A bar shi nan," in ji Alhaji. Ya gyara zaman tsumman da ke yatsansa, ya yi gyaran murya, har yanzu idonsa na bango. "Na hau na auna da ƙafata jiya. Nan ne daidai gadon Muhibba."

Dawuda bai taɓa jin sunan a bakin nan ba, kuma ya tabbata ita ma mai sunan ba ta taɓa ji ba. Ya sunkuyar da kai don kada dattijon ya ga idonsa, shi ma don kada ya ga na dattijon. A bakin lungu an fara jin muryoyin mata da ƙarar kuloli. Ya durƙusa a gaban jak ɗin, ya kama hannunsa, ya ƙara masa murɗi ɗaya.